Burodin Shayi Daga Amfanin Gonarmu

Jama'a, duk wanda ya bi ta ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara da rani ya san Allah ya hore mana rake. Ana matse shi, a dafa ruwansa, a kafe mazarƙwaila, 'yan kasuwa su kwashe. Sa'an nan manomi ya juya ya sayi burodi da tsada, kuɗinsa ya tafi birni. To, wannan mako za mu koyi wani burodi mai zaƙi da matan Kurmin Kogi da maƙwabtansu za su iya gasawa a gida.

Asalinsa na Ingila ne, inda akan ci shi da shayin la'asar, a shafa masa man shanu. Su da zabibi da jan sukari suke yi. Mu kuwa dabino da mazarƙwaila sun wadatar, don mazarƙwaila ai jan sukari ce. Ba a sa masa yisti, ba a sa mai a cikin kwaɓin.

Ga kayan, a auna da ƙaramin gwangwanin madara: garin alkama gwangwani 3, dabino da aka cire ƙwallonsa aka yayyanka gwangwani 3, dakakkiyar mazarƙwaila gwangwani 1, baƙin shayi mai kauri gwangwani 2, ƙwan kaza 2, hodar tashin kek ƙaramin cokali 3, gishiri kaɗan, da ɗan garin citta da kanumfari.

Da daddare a zuba dabino da mazarƙwaila a kwano, a juye shayin da zafinsa, a rufe har safe. Dalili kuwa, dabino zai sha shayin ya yi taushi, shi ne zai riƙe danshi kada burodin ya bushe.

Da safe, kafin a taɓa gari, a fara shirya wuta. A zuba wankakken yashi busasshe a babbar tukunya, kaurin yatsa biyu, a rufe, a ɗora kan garwashi ta ɗauki zafi. Wannan ita ce tanderunmu. A yi a tsakar gida, don garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum.

Sa'an nan a tankaɗe gari tare da hoda da gishiri da kayan ƙamshi. A fasa ƙwai cikin jiƙon dabinon, a zuba garin, a juya da muciya har ya haɗu, a tsaya nan. Yawan juyi yana tayar da danƙon alkama, burodi ya yi tauri. Kuma kada a ajiye kwaɓin, gama hodar tana fara aiki da zarar ta jiƙa.

A shafa mai a kwanon gashi marar tsatsa, a zuba kwaɓin kada ya cika, a ɗora kan yashin, a rufe, a sa garwashi kaɗan bisa murfin. Wuta ta zama ta lallashi. In ta yi yawa, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Kada a buɗe sai bayan minti 30. In ya kai awa ɗaya, a soka tsinke a tsakiya. In ya fito ba kwaɓi, ya nuna. In ba haka ba, a ƙara minti 10.

A bari ya huce sarai, a nannaɗe da tsabtataccen ƙyalle. Ya fi daɗi kashegari, kuma yakan yi kwana uku ko huɗu a wuri mai sanyi.

Alkama tana da tsada, domin yawancin wadda ake ci a Nijeriya daga waje ake kawo ta. Saboda haka ana iya maye gwangwani ɗaya cikin ukun da garin dawa mai laushi. Kada a zarce haka, don dawa ba ta da danƙo, burodin zai riƙa marmashewa.

Mai son sana'a kuwa ya fara rubuta abin da ya kashe, har da gawayi, ya raba da yawan yankan da ya samu, kafin ya yi ciniki da mai shayi. Da haka zai san riba daga uwar kuɗi.

Allah ya sa albarka a gonakinmu, amin.