Yaro Mai Lalurar Ji Da Shirin Shiga Makaranta

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi uwar da Allah Ya ba ta ɗa mai lalurar ji, lokacin makaranta ya zo, ta rasa ta inda za ta ɓullo wa al'amarin.

Da farko 'yar'uwa, ki daina jira. Mun saba jin ana cewa ai nauyin baki ne, babansa ma bai yi magana da wuri ba. Wani lokaci haka ne. Amma yaron da ake kiran sunansa ba ya waiwayowa, a buga ƙofa bai firgita ba, musamman in ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, to a kai shi a gwada jinsa a sashen kunne na babban asibiti, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Likitoci sun fi son a gano lalurar kafin jariri ya wuce wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6, domin a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe. Takardar sakamakon gwajin nan ki adana ta kamar yadda kike adana sarƙarki ta gwal, duk inda za ki je sai an tambaye ki ita.

Ki kuma sani cewa ba alfarma za ki je nema ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba yaronki haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su tanadi ma'aikacin da aka horar domin irin waɗannan yara. Gaskiya abin da ke takarda daban, abin da za ki tarar daban, amma uwar da ta san dokar ta fi ƙarfin gwiwa a gaban hedimasta.

Akwai makarantu na musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano, akwai kuma ta unguwa. Kowacce kika nufa, ku je ke da maigida ranar da ake karatu, ki leƙa ajin da idonki. Yara nawa ne a ciki? Malamin ya iya maganar hannu? In ta kwana ce, wa ke kula da ɗakin 'yan mata?

To, ga inda na fi so ki natsu. A Amurka tun 1975 doka ta wajabta a rubuta wa kowane yaro mai naƙasa tsarin karatunsa shi kaɗai, iyaye na zaune ake rubutawa, a sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ke ma za ki iya yin irinsa da littafi ɗan bango ɗaya. Ku zauna da malamin ajin, ku rubuta abin da yaron ya iya yanzu, da abin da kuke so ya iya kafin ƙarshen zango. Kada a rubuta "ya ƙara ƙoƙari", wannan ba a auna shi. A rubuta cewa zai rubuta sunansa, zai ƙirga daga 1 zuwa 20, zai iya nuna yana jin fitsari ko wani ya doke shi. Sannan a rubuta na malam: yaro ya zauna a gaba, malam ya fuskance shi in zai yi magana, ba ya juya wa aji baya yana bayani a jikin allo ba. In yana sa na'urar ji, wa zai duba batirinta da safe? Kowa ya sa hannu, a sa ranar da za a sake zama. Ba don rashin yarda ba ne, malamai ana yi musu canjin wurin aiki, wanda ya zo sabo sai ya tarar da littafin.

Saura na gida. Ki koyi maganar hannu, ki sa yayyensa da ƙannensa su koya, hakan ba ya hana yaro magana in yana da sauran ji. Ki roƙi malamin ya riƙa nuna miki alamomi biyar duk ranar Juma'a in kin je ɗauko shi, ku yi ta maimaita su a gida wajen cin abinci da wanka har mako ya zagayo.