Darasin Wannan Fitowa: Matakan Girman Yaro Daga Shekara 2 Zuwa 5, Da Lokacin Da Jira Ke Zama Asara

 

A gidajen da muka tashi, ko a Nima da Mamobi, ko a zangon Kumasi, ko a Maradi da Kano, tsakar gida ɗaya takan tara yara goma ko fiye. Tsohuwa na zaune a kan tabarma tana tsinken ganye, idonta na kansu. Ita ce takan fara cewa, “Yaron nan na wance, ku duba shi, ana kiransa ba ya waiwayowa.” Ba ta yi karatun likita ba, amma ta ga yara ɗari sun yi rarrafe, sun miƙe, sun buɗe baki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

A nan Highbridge babu tsakar gida. Yaro na hawa na biyar a cikin ɗaki biyu, uba yana tuƙin tasi da dare yana barci da rana, uwa tana shagon kitso ko aikin kula da tsofaffi. Sanyi na shigowa sai a yi watanni yaro bai haɗu da sa'o'insa ba, waya ce abokiyar hirarsa. Ma'aunin da kakanninmu suke auna yaro da shi, wato ganinsa a cikin tsaransa, mun baro shi a gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta ma'aunin a takarda.

Abin da ya tayar da maganar

A wajen rabon kayan abinci na azumin da ya wuce, wata 'yar'uwarmu ta zo da ɗanta mai shekara 2 da wata 8. Yaro ne mai ƙiba da kuzari, amma ko “Mama” ba ya faɗa. Idan yana son ruwa sai ya ja hannun uwarsa zuwa firij. Da muka tambaya, sai ta ce surukarta ta ce a ƙyale shi, haka ubansa ya yi, sai da ya kai 4 bakinsa ya buɗe. Abin da su biyun ba su sani ba shi ne, saura wata 4 kacal wata ƙofar taimako ta kyauta ta rufe wa yaron. Za mu dawo kan wannan ƙofa.

Ma'aunin

Hukumar CDC mai kula da cututtuka a Amurka, tare da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, sun sabunta jerin matakan girman yara a shekarar 2022. Abin da ke cikin jerin shi ne abin da aƙalla yara 75 cikin 100 suke iya yi a wannan shekarun. Ke nan ba gasar hazaƙai ba ce. Idan yaro bai kai matakin ba, akasarin sa'o'insa sun riga sun wuce shi, kuma ya cancanci a duba.

Shekara 2: yana haɗa kalmomi biyu, kamar “ƙara ruwa” ko “Baba tafi”. Yana nuna gaɓoɓi biyu na jikinsa idan an tambaye shi. Yana gudu, yana buga ƙwallo da ƙafa, yana cin abinci da cokali. Zuwa shekara 2 da rabi, kalmominsa sun kai kamar 50.

Shekara 3: ana iya yin gajeriyar hira da shi, a faɗa ya mayar, a sake faɗa ya sake mayarwa. Yana tambayar “wane ne”, “mene ne”, “ina”, “don me”. Yana faɗin sunansa. Baƙo yana gane yawancin abin da yake faɗa, ba uwarsa kaɗai ba. Idan aka zana masa da'ira yana kwaikwaya. Idan ya ga yara suna wasa yana shiga cikinsu.

Shekara 4: yana yin jimla mai kalmomi huɗu ko fiye. Yana ba da labarin abu ɗaya da ya faru da shi a yini. Yana amsa tambaya irin “me ake yi da buta?” Ya san sunan wasu launuka. Yana zana mutum da gaɓoɓi uku ko fiye, yana riƙe fensir da yatsu, ba da dunƙulen hannu ba. Yana wasan kwaikwayo, yau shi ne liman, gobe direban bas. Idan ya ga ɗan'uwansa na kuka yana lallashinsa.

Shekara 5: yana ba da labari mai abubuwa biyu a jere. Yana ƙirga zuwa 10. Yana amfani da “jiya” da “gobe” da “da safe”. Yana iya zama a kan aiki ɗaya minti 5 zuwa 10, ban da kallon waya ko talabijin. Yana bin ƙa'idar wasa, yana jiran layinsa. Yana ɗingishi da ƙafa ɗaya kamar mai wasan langa, yana ɓalla maɓallin rigarsa, yana rubuta wasu haruffan sunansa.

Akwai alamomi uku da ba a jira musu cikar wata shekara: yaron da ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, yaron da ba ya nuna abu da yatsa don ka gani tare da shi, da yaron da ya iya wani abu sannan ya daina, kamar wanda yake da kalmomi sai suka ɓace. Waɗannan a kai su ga likita a cikin makon.

Maganganu uku da muka saba faɗa

Ta farko: “Harsuna ne suka yi masa yawa.” Wannan ce ta fi yi mana ɓarna, domin takan sa iyaye su daina yi wa yaro Hausa, su koma gurguwar Turanci. Binciken masana harshe ya nuna cewa jin harshe biyu ko uku ba ya jawo jinkirin magana. Mu kanmu shaida ne: ɗan zango ya tashi da Hausa a gida, Asantanci a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Turanci a boko, kuma bakinsa bai ɗaure ba. Idan za ku ƙirga kalmomin yaro, ku haɗa na duk harsunan. Idan an haɗa kuma har yanzu sun yi kaɗan, to dalilin yana wani wuri, kuma shi za a nema. Ku yi wa yaro harshen da kuka fi ƙwarewa a ciki, domin a nan ne zai sami zance mai yawa mai daɗi.

Ta biyu: “Namiji ne”, ko “Gado ne.” Gaskiya ne wasu yaran sukan makara sannan su kamo tsaransu da kansu. Amma babu mai iya sanin wane yaro ne zai kamo ta hanyar kallo kawai. Kuma idan jinkirin magana yana cikin dangi, wannan dalili ne na a duba da wuri. Wani lokaci abin da ke bayansa ƙarancin ji ne saboda ruwan da ya taru a kunne bayan yawan mura. Wani lokaci otizim ne, wanda wasu ke kira galahanga. Wani lokaci ba a samun komai, sai kowa ya koma gida da kwanciyar hankali.

Ta uku: “Iska ce”, ko “Baki ne.” Ba mu hana kowa addu'a da tofi ba, mu ma muna yi. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A cikin Suratu Ɗaha mun karanta yadda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa game da nauyin harshensa, sannan ya nemi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. Ya yi addu'a, ya kuma nemi mataimaki. Wanda harshensa ya yi nauyi ba abin kunya ba ne a gidan Musulmi.

Dalma: fenti da kwalli

Wani abin da ke dakushe ƙwaƙwalwar yaro a ɓoye shi ne gubar dalma. 'Yan Najeriya a cikinmu ba su manta da Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400. A nan hanyarta daban ce. Birnin New York ya hana fentin dalma a gidaje tun 1960, amma yawancin benayen unguwarmu an gina su kafin lokacin, kuma tsohon fentin na nan a ƙarƙashin sabo, musamman a jikin taga da ƙofa. Dokar birni ta 2004 ta wajabta wa mai gida a irin waɗannan benaye ya duba duk shekara, ya kuma gyara fentin da ke ɓarewa, idan akwai yaron da bai kai shekara 6 ba a gidan. Idan ya ƙi, a kira 311.

Hanya ta biyu tana cikin jakar tsarabarmu. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Da aka bincika, kwallin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Iyayenmu mata, mun san da ƙauna ake rangaɗa wa jariri kwalli, amma a ajiye shi. Dokar jihar New York ta ce a gwada jinin kowane yaro yana shekara 1, a sake yana shekara 2. Ku tambayi likita ko an yi, kuma me aka samu. Yaron da ya zo daga gida bayan waɗannan shekarun, ku nemi a gwada shi.

Ƙofofi biyu

Ƙofar farko ta yaran da ba su cika shekara 3 ba ce. Sunan shirin Early Intervention, kuma yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta birni. Uwa ko uba na iya kiran 311 da kansu su ambaci sunan shirin, ba sai da takardar likita ba. Doka ta ba su kwana 45 su auna yaro su zauna da iyaye a kan tsarin taimako. Idan ya cancanta, mai koyar da magana ko mai motsa gaɓoɓi yakan zo har gida ko wurin renon yaro. Ba a karɓar ko sisi daga aljihun iyaye, matsayin takardun zama ba sharaɗi ba ne, kuma ba a yin komai sai da sa hannunku.

Ƙofa ta biyu ta yara 'yan shekara 3 zuwa 5 ce, tana hannun hukumar makarantun birni, ta wani kwamiti da ake kira CPSE. Unguwarmu tana gunduma ta 9. Ana rubuta wasiƙa a nemi a auna yaro, a riƙe kwafi mai kwanan wata. Nan ma kyauta ne. Yaron da ke cikin shirin farko, a tabbata an miƙa sunansa ga kwamitin tun kafin ranar cikarsa 3, don kada taimako ya yanke. A ƙofofin biyu kuna da haƙƙin neman tafinta, kuma ku faɗi duk harsunan da ake yi a gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: abin da yaro bai iya ba, kada a ce ya iya don gudun kunya.

'Yar'uwar da muka ambata ta kira a makon da ya biyo baya, bayan wani dattijo a cikinmu ya je ya zauna da surukar. An samu yaron ba ya ji sosai, ana kula da kunnen, mai koyar da magana kuma ta fara zuwa. Har yanzu bai kamo tsaransa ba, amma ranar sallah ya kira kakarsa da bakinsa.

Aikin gida

Masu koyarwa sa'a ɗaya ko biyu suke yi a mako, sauran lokacin namu ne. Ku yi wa yaro zance kuna girki, kuna wanka, kuna hanya: wannan albasa ce, ga bas ta zo, ruwan da zafi. Ku yi tambaya ku dakata ya amsa. A dawo da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce sa'a ɗaya a gaban waya ko talabijin a yini, wanda bai kai 2 ba kuma a nisanta shi da su. Laburaren Highbridge da ke kan titin 168 yana ba da kati kyauta, yana kuma da lokacin karanta wa ƙananan yara labari. Filin Macombs Dam da ke kusa da filin wasa na Yankee wuri ne da yaro zai yi gudu cikin tsaransa. Ajin 3-K da na Pre-K kyauta ne, ana nema a shekarar da yaro zai cika 3 ko 4, kuma can ma ido ne da zai taya ku gani.

Ga dattawanmu

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidajenmu maganarku ce ke ɗaure ƙafar matashiyar uwa, ita ce kuma ke sakinta. Sau da yawa uwa ta riga ta ga alamar tun da daɗewa, tsoron a ce ta yi wa ɗanta mugun baki ne ya sa ta yi shiru. Idan ta zo muku da damuwa, ku tambaye ta watannin yaron, ku ɗauko wannan takarda ku duba tare, sannan ku ce mata ta je, ko ku raka ta. Limamanmu kuma muna roƙo su taɓo maganar a wajen suna da walima, inda iyaye maza suke.

Wanda ke buƙatar a taya shi kiran waya ko rubuta wasiƙar, ya same mu bayan sallar Juma'a.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya buɗe musu ƙirji da harshe, Ya sa su zama sanyin idanunmu. Amin. Wassalamu alaikum.