Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Naɗin Limamin Katolika

Wani mai sauraro daga Illela a jihar Tahoua ya nemi bayani kan tsohon zanen Turai da ke nuna naɗin limamin cocin Katolika, wanda mabiya ke kira fada.

Ɗaya daga cikin mafi shahara shi ne na Nicolas Poussin, Bafaranshen da ya zauna a Roma, wanda tsakanin 1636 da 1642 ya zana manyan ibadu 7 na cocin a zamanin Baroque, wato salon ƙarni na 17 mai fifita haske da inuwa da motsin jiki. A zanen naɗin, wanda ɗaya ne daga cikin ibadun, Poussin bai zana bishop yana ɗora hannu a kan almajiri ba kamar yadda ake naɗin a yau, sai ya nuna Annabi Isa yana miƙa wa almajirinsa Bitrus mabuɗai, Bitrus kuma yana durƙushe a gindin itatuwa, domin a aƙidar Katolika daga nan ikon limanci ya faro. Gidan tarihi na Kimbell a Amurka ya sayi wannan zane a 2011 kan dala miliyan 24.3.

Katolikan Illela da Ƙonni kuwa suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001, kuma bishop kaɗai ke da ikon wannan naɗi.