Kafin Ku Haɗa Fanka Dairek

Yarana masu koyon gyaran mota, Allah ya yi muku albarka, ku ba ni aron kunnuwanku a kan fankar lagireto.

Duk ranar Juma'a, idan kasuwar Kara ta cika, motocin shanu suka cushe hanya tun daga gadar Wudil, ba a rasa Golf ko Sharon a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi. Direba zai rantse muku lafiya lau ya taso daga Kano, kuma gaskiya ya faɗa. A guje, iska ce ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwa. A cunkoso kuwa, aikin fanka ne. Saboda haka motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje, fankarta ake fara tuhuma.

Amma tuhuma ba hukunci ba ce. Ku bar inji ya huce tukuna. Kada wanda ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan nan ya sha saɓule fatar mutane. Kada kuma ku sa hannu cikin fanka, domin a wasu motoci takan tashi ko an zare makulli.

Ku fara da ruwa. Idan ya yi ƙasa har bai taɓa sensa ba, sensa ba za ta ji zafi ba, balle ta ta da fanka. Daga nan sai fis. In ya ƙone, ku sa mai lamba ɗaya da shi, kada ku ɗaura silin waya a madadinsa; haka motoci ke kamawa da wuta. In sabon ma ya ƙone, to akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, ko motar fankar ta cije. Sai rile: ku musanya shi da wani irinsa, kamar na ham, ku gani. In motar na da esi, ku kunna. A yawancin motoci fanka kan tashi nan take, wanda ke nuna ita kanta lafiyarta ƙalau.

In duk wannan bai nuna komai ba, ku cire soket, ku ba fankar wuta daga batir. Ta ƙi juyawa, ciwon a jikinta yake, galibi burushi ne ya cinye. Ta juya, ku koma kan wayoyi da sensa. A Golf 3 abin da ke kunna fankar a jikin lagireto yake, sai ruwa ya haura digiri 90 yake aiki. Ku taɓa tiyon ƙasa: inji ya yi zafi amma tiyo na da sanyi, tamostat ne ya ƙi buɗewa, fanka ba ta da laifi.

Na san abin da direba zai ce: "Oga, haɗa min dairek kawai, fasinja na jira." Don ya ƙarasa Gaya ko Dutse, babu laifi, muddin kun gaya masa na wucin gadi ne. Amma fankar da ke juyawa tun daga kunna mota har kashe ta ba ta daɗewa, tana wahalar da batir, ga shi ainihin ciwon yana nan a ɓoye. In aka haɗa da cire tamostat, inji ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, musamman da asubahin hunturu, sai shan mai ya ƙaru. Ranar da fankar ta mutu a hanya, gaskit ne zai ƙone, kuɗin fis ya koma kuɗin sauke inji.

Ku bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada. Kada ku tura bawan Allah Ƙofar Ruwa neman sabuwar fanka alhali rile ne ya lalace. Bai san abin da ke ƙarƙashin bonet ba, shi ya sa ya miƙa muku makulli, kuma wannan amana ce da za a tambaye ku a kanta. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya ciyar da ku halal.