Muridi Mai Son Kaɗaici da Haƙƙin Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙauye akan samu muridin da Allah Ya halitta da ƙarancin magana. Zaman fada da shan shayi har tsakar dare yana gajiyar da shi, hayaniyar biki tana dagula masa zuciya, ya fi samun natsuwa a ɗakinsa da carbi da littafi. Tun da a ƙauye kowa ya san kowa, ba a daɗewa sai a fara cewa girman kai ne, ko boko ya lalata shi. Shi kuma yakan ba kansa amsa cewa uzla yake yi irin ta magabata. Shin haka ne?

Uzla tana da asali. Annabi (SAW) ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin wahayi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddin kan ladubban uzla. Ya ambaci amfaninta, kamar samun lokacin ibada da kuɓuta daga gulma da riya. Amma a wuri guda ya ambaci abin da mai ita ke rasawa: neman ilimi da koyar da shi, amfanar da mutane, da horar da rai ta hanyar jure halinsu. Don haka bai yanke hukunci ɗaya ga kowa ba, ya mayar da lamarin ga halin mutum da niyyarsa.

Imamu Ƙushairi a cikin Risalarsa ya ba da ma'auni mai kyau. Mai keɓewa ya ƙudurta cewa yana kare mutane daga sharrinsa ne, kada ya ƙudurta cewa shi ke tsira daga sharrinsu. Na farko ya ga ƙanƙantar kansa, na biyu kuwa ya ga fifikonsa a kan jama'a, kuma wannan ita ce cutar da tarbiyya ta zo ta kawar.

Sannan akwai haƙƙoƙin da uzla ba ta sauke su. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Tirmizi da Ibnu Majah kuma sun ruwaito fifikon wanda ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya yi. A ɗariƙar Tijjaniyya ma, yanke zumunci da ƴan uwa yana cikin abin da aka hana muridi, kuma wazifa da zikirin Juma'a a cikin jama'a ake yin su inda akwai ikhwani.

Saboda haka muridi ya raba abu biyu. Barin doguwar hira a dandali ba laifi ba ne, yana iya zama alheri. Amma sallama a bakin rijiya ko a hanyar gona, dubiyar maras lafiya, rakiyar gawa, ta'aziyya, barkar suna da fita gayya idan an kira, waɗannan ba a barin su da sunan zikiri. Ba sa buƙatar yawan magana. Ya je, ya gaisa, ya yi addu'a, ya zauna kaɗan, ya nemi izini ya tashi. Idan aka sauke tuwo a gidansu, ya aika wa tsohuwar da ke bayan darni da akushi. Idan ransa ya ja shi zuwa ga halwa ta gaske, ya kai maganar ga muƙaddaminsa, kada ya ɗora wa kansa ita ba da izini ba.

Su ma maƙwabta su kyautata zato. Mai shiru ba lalle ne mai raini ba, kuma kunya reshe ce ta imani.

Allah Ya tsarkake zukatan muridai daga jiji da kai, Ya ba su ikon sauke haƙƙin maƙwabta, albarkacin Manzon Allah (SAW). Amin.