Lissafin Kuɗin Da Suka Zo Gaba Ɗaya

Malamin makaranta ya saba da albashi, wanda ya kan shigo a ƙarshen wata ya fita kafin ranar goma. Amma akwai waɗansu kuɗi da su kan zo wa mutum sau ɗaya ko sau biyu kaɗai a duniya, watau garatuti sa'ad da ya bar aiki, ko gādo, ko kuɗin gonar da aka sayar. Da yawa daga cikinmu iyayenmu ma'aikata ne a nan Jalingo, ran da irin kuɗin nan suka zo kuwa mu za a kira a yi shawara da mu, tun da shi ke mu aka sa a makaranta. Saboda haka ina so mu duba al'amarin da alli da allo, kamar yadda za mu koya wa 'yan aji shida.

Mu ce wani tsohon malami ya karɓi Naira 3,000,000. Abin da mutane su kan fara tambaya shi ne, ina riba ta fi yawa? A ganina akwai tambayar da ta riga wannan, watau yaushe zai bukaci kuɗin, me kuma za su iya saya masa a ranar?

Ga dalili. A watan Disamba na 1924 ba mu san yadda kasuwa ta ke ba sai ta bakin tsofaffi, amma na Disamba 2024 mun gani da idonmu: hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin kaya ya ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. Domin sauƙin lissafi mu ɗauki 30. Kayan da malaminmu zai saya yau da 3,000,000, baɗi sai ya biya 3,900,000. In ya kulle kuɗin a akwati, zai buɗe ya same su daidai, ba wanda ya taɓa, amma ƙarfinsu bai wuce na 2,308,000 ba. Daga baya gudun tashin farashi ya ragu, amma a lura, raguwar gudu dabam, komawa baya dabam. Har wa yau masu ajiya a gida ba su manta da farkon 2023 ba, sa'ad da aka canja takardun 200 da 500 da 1,000, mutane suka yi ta kwana a bakin banki da tsofaffin kuɗi, kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu.

To, banki fa? Banki ya tsare kuɗi daga ɓarawo da gobara da gara, amma bai tsare su daga tsada ba. Mu ce ya ba da ruwa kashi 8 cikin 100. Kuɗin sun zama 3,240,000, ga shi kuwa ana bukatar 3,900,000, saura 660,000 ke nan. Duk da haka lalle a bar wani kaso a can, gwargwadon abincin gida da magani da kuɗin makaranta na wata shida, gama ciwo ba ya jiran a sayar da fili. Ya kamata kuma a san iyakar lamuni. Tun 2024 hukumar NDIC ta ke lamunce wa kowane mai ajiya har Naira 5,000,000 a babban banki, 2,000,000 a ƙaramin bankin talakawa. Da aka soke lasin ɗin bankin Heritage a watan Yuni na shekarar, bisa ga wannan iyaka aka fara biyan mutane, masu fiye da haka kuwa suka jira a sayar da kadarorin bankin.

Kuɗin da ba za a taɓa ba sai bayan shekara biyu ko uku, ana iya ranta wa Gwamnatin Tarayya su. Tun watan Maris 2017 ofishin kula da basussuka, DMO, ya ke sayar da takardun ajiya na shekara biyu da na shekara uku, daga Naira 5,000 zuwa sama, ta hannun dillalan hannun jari masu rajista. Ana biyan ruwa kowane wata uku, a ƙarshe a mayar da uwar kuɗi. 'Yan'uwanmu Musulmi waɗanda ba su karɓar ruwa suna da Sukuk, wanda aka fara a watan Satumba 2017 da Naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, abin da a ke biya kuwa kuɗin haya ne.

Na san mutanenmu sun fi amincewa da abin da ido ke gani, ban kuwa ga laifinsu ba. Wanda ya sayi fili a gefen gari sa'ad da Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba ran 27 ga Agusta 1991, yau ba ya da-na-sani. Amma fili yana da sharuɗɗa. Bisa ga dokar ƙasa ta 1978, ƙasar cikin birni tana hannun Gwamna ne, don haka takardar mai unguwa ita kaɗai ba ta isa ba, sai an bincika a ofishin ƙasa da safiyo, kada a sayar wa mutum uku fuloti ɗaya. A je kuma a duba wurin da damina, musamman in yana kusa da Mayo-Gwoi ko Lamurde, inda ruwa ya sha shiga gidaje. Fili kuma ba ya sayuwa ran da a ke so, mai gaggawa a kan taya masa da wulakanci. Saniyar da aka saya a kasuwar Iware tana haihuwa, tana kuma ciwo, ana kuma sace ta. Hatsi ma haka: waɗanda suka tara masara a sito a ƙarshen 2024 suna jiran tsada, da yawansu sun sayar da hasara a 2025 da farashi ya faɗi. Wanda bai taɓa kiwo ko fatauci ba, kada ya fara koyo da dukan garatutinsa.

Saura masu alkawarin ninka kuɗi. A nan lissafi kaɗai ya isa. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, ta tsai da biya a Disamba 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilu 2025. Ku sa yara su ninka Naira 1,000 sau goma sha biyu a allo: za su sami 4,096,000. Ku tambaye su wace gona ko wace sana'a ce ta ke haifar da haka a shekara. Ribar da a ke biyan na fari, kuɗin na baya ne, ran da sababbi suka daina shigowa kuwa magana ta ƙare. Wanda ya kawo labarin sau da yawa ɗan'uwa ne, ko wanda a ke sujada ko salla tare da shi, shi ma ruɗinsa aka yi.

Shawarata ga malaminmu ita ce, ya bar kuɗin a banki wata biyu tukuna, kada ya amsa wa kowa. Ya biya bashin da ke kansa. Ya yanke abin da zai ba dangi da baiko ko zakka, ya faɗi adadin sau ɗaya, domin mai roƙo ba ya ƙarewa. Sauran ya raba su bisa ga ranar bukata, ya rubuta inda kowane kaso ya ke, matarsa da babban ɗansa su sani.

Ga aikin da na shirya wa ajin da zan koyar: wata gwauruwa ta gāji Naira 1,200,000, ɗanta zai shiga jami'a bayan shekara biyu. In farashi yana ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 kowace shekara, nawa ya kamata kuɗin su zama kafin su sayi abin da su ke saya yau? Amsa: 1,728,000.