Yadda Ake Kallon Talabijin a Motar Kwana a Birtaniya

Da zarar sanyi ya ja baya a Birtaniya, iyalai da dama kan fita yawon hutu da gidansu a kan taya: ko babbar mota mai gado da kicin a ciki, ko ɗakin da ake ɗaurawa a bayan mota ana ja. Idan an sauka a sansani, ruwan sama ya tsare kowa a ciki, sai hankali ya koma kan talabijin.

Wuta ake fara dubawa. Yawancin sansanoni suna da turken lantarki mai bolt 230, sai ka ja kebul ka jona. Inda babu, dogaro yana kan batirin ɗaki mai bolt 12, wanda daban yake da na tada inji. Shi ya sa masu wannan harka suka fi son ƙaramar talabijin mai aiki kai tsaye da bolt 12, don inbata, na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida, ita ma tana cin nata rabon wutar. Talabijin mai cin wat 24 tana jan amfiya 2 ke nan. Batirin dalma mai 100Ah kuwa rabinsa kawai ake so a sha, kuma fitilu da famfon ruwa suna jiran nasu kason. Farantin sola a rufin mota yana rage wannan fargaba.

Daga nan sai sigina. Tun 2012 aka gama kashe tsohon tsarin analog a ƙasar, saboda haka tashoshin kyauta na Freeview ake kamawa da eriya. Daga cikin ɗaki ake tura sandarta sama ta rufi, a juya ta zuwa hasumiyar da ke watsa wa yankin: Crystal Palace a kewayen Landan, Winter Hill a arewa maso yammacin Ingila, Emley Moor a Yorkshire. Dabara mafi sauƙi ita ce ka leƙa waje ka ga inda eriyoyin maƙwabta suka fuskanta. Ka lura kuma ko a kwance suke ko a tsaye, domin manyan hasumiyoyi galibi a kwance suke turo sigina, ƙananan da ke cikin kwaruruka kuma a tsaye. Mutane da yawa kan zargi talabijin alhali eriyar ce ke buƙatar a mirgina ta. Bayan haka a shiga menu da rimot a sake binciken tashoshi, kuma duk sabon yankin da aka sauka sai an maimaita.

Idan tsauni ya tare hasumiya, sai dish. Tashoshin Freesat suna kan taurarin ɗan'adam na Astra da ke digiri 28.2 gabas, wato daga Birtaniya kudu maso gabas za a fuskanta, ƙasa-ƙasa da sararin sama. Bishiya guda ta isa ta hana komai fitowa, don haka tun kafin ka kafa ƙafafun ɗakin ka dubi wannan kusurwa. Sai a riƙa matsa dish ɗin kaɗan-kaɗan, ɗaya yana waje, ɗaya yana ciki yana kiran "ya kawo, ya ɗauke". Akwai dish mai neman tauraron da kansa, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Wanda ya tsallaka zuwa kudancin Faransa ko Sifaniya zai ga sigina yana raguwa, sai da dish mai faɗi.

Intanet ta rage wahala, amma wifin sansani yakan shaƙe da yamma, kuma hoto mai kyau na iya lashe gigabait 3 a awa guda. BBC iPlayer kuma ba ya aiki a wajen ƙasar.

Kallon shiri kai tsaye yana buƙatar lasisin talabijin, sai dai na gidanka ya wadatar wa motar yawo. Doka ta hana direba ganin allon talabijin yana tuƙi, ta kuma hana ɗaukar mutum a cikin ɗakin da ake ja. Da safe kafin tashi, a sauke eriya a kulle ta, a cire talabijin daga maƙalinta ko a ɗaure ta tamau, a naɗe kebul, sannan a tada mota.